Zambon Sutura: Wasannin Tashe da Hotunan Ba'a na Ingila a Ƙarni na 18

1. Abin da ake nufi da zambon sutura

Idan watan azumi ya kwana 10, da an sha ruwa sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya a lungunan Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kamar yadda suke yi a cikin birnin Kano da sauran garuruwan ƙasar Hausa, suna bi gida-gida suna tashe. Wani ya manna gemun auduga, ya cusa tsummoki a riga ya yi tumbi. Wani ya naɗa rawanin da ya fi ƙarfin kansa, ya rataya carbi, ya rungumi allo. Tun ba su buɗe baki ba mutanen gida sun fara dariya, domin kayan da ke jikinsu sun riga sun faɗi wanda ake nufi. Wannan shi ne abin da za a kira zambon sutura a cikin wannan takarda, watau a muzanta mutum, ko wani rukuni na mutane, ta hanyar tufafin da aka san su da su.

Masana adabin Hausa sun daɗe da rarrabe zambo da habaici da ba'a. Zambo yakan kama suna ko ya siffanta mutum ƙarara, habaici yakan sakaya, ba'a kuwa ta fi kusa da wasa. Amma nazarin da aka yi ya fi karkata ga kalmomi, ba a cika kula da wanda ake yi da jiki da kaya ba. Nufin wannan takarda shi ne a auna wannan kashi da aka bari a baya. Domin awon ya fito sosai za a jera shi da wani abu mai kama da shi daga nesa, watau hotunan ba'a da aka riƙa bugawa a birnin Landan a ƙarni na 18, waɗanda suka yi ta muzanta 'yan kwalisa da mazauna ƙasashen da Ingila ta mallaka. Abin da awon zai nuna shi ne, zambon sutura gardama ce a kan matsayi, kuma darajarsa tana ga wajen da ya juya bakin dariyar: ko sama, ko ƙasa, ko kuwa cikin gidan mai yin sa.

2. Sutura alamar matsayi

Ba za a gane dalilin dariyar ba sai an tuna cewa a ƙasar Hausa tufafi magana ne. Rawani mai kunne biyu a Kano na gidan sarauta ne, alkyabba ta sarakuna ce da waɗanda suka naɗa, kuma girman aikin da ke wuyan riga yana faɗin ƙarfin aljihun mai ita. Wanda ya sa abin da bai kai ba ya yi da'awar matsayin da ba nasa ba, jama'a kuwa suna da amsa a shirye, cewa zanen aro ba ya rufe katara.

A kan wannan fahimta aka gina yawancin wasannin tashe. A cikin "Ka Yi Rawa" ana tuhumar malami da yin rawa, yana musu, har garin nuna abin da bai yi ba ya ɓuge da taka rawar a gaban kowa. Da yaron ya fito da kayansa na kullum, da wasan bai zama kome ba. Rawanin da allon su ne suka yi alkawarin natsuwa, ƙafafu suka karya alkawarin. A cikin "Ga Mairama Ga Daudu" yarinya ce take sa babbar riga da hula ta zama maigida, sai a ga yadda isar namiji take komawa abin dariya idan aka ɗora ta a kan ƙaramin jiki. "Jatau Mai Magani" yana fitowa da tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle, yana lissafa cututtukan da yake warkarwa har lissafin ya wuce hankali. Nalako kuma, sarkin gwagwaren Kano, shigarsa ta ban mamaki ita ce rabin sarautarsa.

3. Yadda hotunan Landan suke

A Ingila ta ƙarni na 18 akwai irin wannan ƙa'ida ta sutura, sai dai su takarda suka ba aikin da Hausawa suka ba jiki. Mai zane yakan sassaƙa hoto a kan faifan jan ƙarfe, a shafa tawada, a danna takarda a kai, a sami ɗaruruwa daga faifai guda. Akan sayar da su daga sisi zuwa sule ɗaya ko biyu, mai launi ya fi tsada, a kuma jera su a tagogin kantuna inda marar kuɗi zai tsaya ya kalla kyauta. William Hogarth, wanda ya rayu daga 1697 zuwa 1764, shi ne ya ɗaukaka sana'ar, kuma da ƙoƙarinsa majalisar Ingila ta yi dokar 1735 wadda ta hana a kwafi zanen mutum ba da izininsa ba. A 1761, bayan bikin naɗin Sarki Joji na 3, ya buga wani hoto inda ya kasa gashin aro na manyan ƙasa kashi 5, ya auna kowanne da ma'auni kamar yadda magina suke auna ginshiƙan tsofaffin gine-gine. Dariyar tana cikin tsananin natsuwar da ya yi awon da ita.

Wajen 1770 aka sami wasu samari masu hali waɗanda suka zaga Faransa da Italiya, suka komo da matsattsun tufafi da gashin aro mai tsawon gaske, da 'yar mitsitsiyar hula a can ƙololuwa. Aka sa musu suna Makaroni, da sunan taliyar Italiya da suke yabo. Da Hausa 'yan kwalisa ke nan, ko kuwa 'yan gaye. Matthew Darly da matarsa Mary, masu kanti a titin Strand, sun buga jerin hotunansu har kashi 6 tsakanin 1771 da 1773, kowane kashi da hoto 24. Wani hoto na 1774 daga wani kantin ya nuna manomi ya zo birni ya iske ɗansa ya zama Makaroni, ya ɗaga bulala yana taɓa 'yar hular da ke saman gashin, yana shakkar ko ɗansa ne. Duk Bahaushen da ya san labarin baƙauye da ɗansa ɗan birni zai gane wannan hoto ba tare da tafinta ba.

4. Dariyar birni a kan na nesa

A daidai wannan lokaci ne rigima ta tashi tsakanin Ingila da 'ya'yanta da suka zauna a Amurka, a kan haraji, musamman harajin ganyen shayi. Masu zanen Landan suka ɗauki makamin da suka saba da shi suka juya shi can. A watan Janairu na 1774 mutanen Bostan suka kama wani ma'aikacin kwastan, John Malcolm, suka shafe shi da kwalta suka liƙa masa gashin tsuntsu. Kafin shekarar ta ƙare an buga hoton abin a Landan, aka ba shi suna mai ma'anar sabuwar hanyar yin Makaroni irin ta Bostan. A nan zancen ado da zancen bakin iyaka suka haɗu: ɗan kwalisar Landan yana ado da gashin tsuntsu don ganin dama, mutanen daji kuwa, a ganin mai zanen, ga irin nasu ɗinkin.

A watan Oktoba na 1774 mata 51 a garin Edenton, cikin Karolina ta Arewa, suka sa hannu a takarda cewa sun goyi bayan ƙaurace wa shayi da tufafin Ingila. A watan Maris na 1775 aka fitar da hoton da ake danganta wa Philip Dawe. Shugabar taron an yi mata mummunar fuska, tana riƙe da guduma. Wata budurwa tana sa hannu wani namiji yana rungumar ta. A ƙarƙashin tebur ga yaro an yar, kare yana lasar sa. A baya ga baiwa baƙar fata tana riƙe da tawada. Gwanintar hannu tana nan, ba musu. Amma hoton bai taɓa hujjar matan ba ko kaɗan. Abin da ya ce kawai shi ne, macen da ta shiga sha'anin mulki ta bar ɗanta ga kare.

Haka aka yi wa Julius Soubise. An haife shi bawa a tsibirin Sankits wajen 1754, aka kawo shi Ingila yana yaro, wata babbar mace mai sarautar Queensberry ta ɗauke shi, ya ƙware a hawan doki da wasan takobi, ya shiga sahun masu ado. A 1772 kantin Darly ya buga hotonsa da sunan Mungo Makaroni, Mungo kuwa sunan wani bara ne baƙar fata a cikin wani wasan kwaikwayo na 1768. Kayan da aka zana masa ba su wuce na sauran samari ba. Abin dariyar, a wurin masu saye, shi ne wanda ke cikin kayan.

Akwai hoto guda da ya saɓa wa waɗannan. A 1776 kantin Darly ya fitar da wata mace mai tulin gashi irin na yayin lokacin, a kan gashin an kafa ganuwa da tantuna da igwa, sojoji suna faɗa, jiragen ruwa suna can ƙasa wajen ƙeya. Sunan hoton yana nuni ga yaƙin tudun Bunker na watan Yuni 1775, inda sojan Ingila suka ci tudun amma suka yi hasarar mutum fiye da 1,000, matattu da masu rauni. Matan Landan ne suke irin wannan gyaran gashi, gwamnatin Landan ce ta aika da sojan. Mai kallo ya fara dariya yana zaton da wasu ake, kafin ya gama sai ya ga an ɗora yaƙin ƙasarsa a kan abin banza mai rushewa da dare ɗaya.

5. Sa'ad da Kano ta zama bakin iyaka

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano, ƙasar Hausa ta zama ɗaya daga cikin wuraren nan na nesa da ake ba da labarinsu a Landan. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari, bayan ganuwa ya cika da sababbin kaya: hular kwano, gajeren wando, kwat, tabarau, agogon hannu. Hausawa a lokacin ba su da maɗaba'ar hotuna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma sai a 1939 ta fara fitowa. Duk da haka sun yi nasu zanen, ta hanyoyin da suke da su.

Hanya ta farko ita ce laƙabi. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, ya zama Maijimina. Dokta Cargill, Razdan na Kano, ya zama Maigunduma. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, ya zama Ɗan Hausa. Laƙabi yana aiki kamar alƙalamin mai zanen ba'a: ya zaɓi siffa guda ko aiki guda, ya bar sauran, har siffar ta haɗiye mutumin. Wani laƙabin yabo ne, wani kuwa mai shi yakan yi shekaru yana amsawa bai san abin da ke ƙunshe ciki ba.

Hanya ta biyu ita ce kwaikwayo. Tun kafin zuwan Turawa akwai wasan gauta, inda matan fada suke shigar sarki da hakimansa suna kwaikwayon halayensu, da kuma 'yan kama masu juya karatun malamai ya koma zancen tuwo. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari suke shigar masu mulki, su ƙera bindigogi da sauran kayan aikin hukuma da karan dawa, su yi jerin gwano kamar na gaske. Bindigar kara zambo ce cikakkiya: ta yi kama da ta ainihi har a gane ta, ta kuma bayyana cewa siffa da riƙo su ne rabin kwarjininta.

Hanya ta uku ta fi nauyi. A 1925, a ƙasar Kurfai wajen Filinge cikin Nijar, aka sami wasu sababbin iskoki a cikin bori, waɗanda ake kira Babule ko Hauka. Masu hawansu sukan yi tafiyar soja, su sara, su yi tsawa da wani harshe mai kama da Faransanci. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya kama su ya kulle, ba da daɗewa ba sai ga shi shi ma ya shiga jerin iskokin da sunan Kwamanda Mugu. 'Yan ci-rani suka kai abin Gwalkwas, ƙasar Gana ta yanzu, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu kusa da birnin Ankara, aka nuna shi a 1955. A cikinsa an fasa ƙwai a kan gunkin Gwamna, ruwan ƙwan ya gangaro kamar farin gashin tsuntsun da ke kan hular Gwamna ta ranar fareti. Hukumar Ingila ta hana nuna fim ɗin a can. Waɗannan iskoki sun iso borin Kano, inda ake ce musu Turawa, kuma Matthias Krings ya buga littafi a kansu a 1997.

A nan wajibi ne mai nazari ya yi hattara. Masu wannan abu ba su ɗauke shi wasa ba, tsoro ya fi dariya yawa a cikinsa, kuma kiransa zambo kai tsaye rage shi ne. Amma idon da ya lura da hular Gwamna har ya mayar da ita ƙwai, irin idon Hogarth ne sa'ad da yake auna gashin aro. Bambancin shi ne, Hogarth yana da doka mai kare zanensa, mutanen Kurfai kuwa kurkuku suka samu.

6. Awo

Idan an jera waɗannan duka sai a ga sun rabu uku. Akwai zambon da ke duban sama, kamar laƙabin Razdan da bindigar kara. Ƙarfinsa yana ga hatsarin da mai yin sa ya ɗauka, shi ya sa yakan sakaya, sakayawar kuwa ita ke tilasta masa gwaninta. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san wanda yake yi da shi.

Akwai wanda ke duban ƙasa, kamar hoton matan Edenton da na Soubise. Wannan ba ya bukatar dabara mai yawa, domin masu kallo sun riga sun yarda da hukuncin kafin su ga hoton. Kada a zaci Ingila kaɗai ke da shi. Wasan tashe na "Macukule", inda ake shigar Bagwari da tsumma da gurɓatacciyar Hausa, daga wannan kashi yake, haka kuma yawancin labaran baƙauye a birni. Ana iya kare shi da cewa wasan barkwanci ne tsakanin ƙabilu, kuma lalle akwai wannan al'ada. Amma barkwanci na gaskiya yana da ramuwa, kowane ɓangare yana da bakin mayarwa. Inda ɗaya ne kullum a tsakar fage ɗayan yana tafi, abin ya tashi daga wasa. Kalmar "baƙin Bature" da aka riƙa jifan ma'aikata masu kwat da ita tana tsakanin kashin nan biyu. Wani lokaci tana sukar girman kan wanda ya sami kujera ya manta da mutanensa, wani lokaci kuwa hukuncinta ɗaya ne da na Mungo Makaroni, watau wannan kaya ba na irinka ba ne.

Kashi na uku shi ne wanda ke juyowa gida, kuma shi ne mafi daraja, domin laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Hoton tudun Bunker yana nan, "Ka Yi Rawa" ma yana nan. Almajirai da 'yan makarantar allo suna cikin masu yin wasan, a ƙofar gidajen da malami yake da girma ake yin sa, kuma ba ilmi yake suka ba, ratar da ke tsakanin rawani da hali yake nunawa. Ta wajen tsari ma ya fi yawancin hotunan Darly, domin hoton Makaroni tsaye yake, abin da ya faɗa a kallon farko shi ne iyakarsa, wasan kuwa yana tafiya daga tuhuma zuwa musu zuwa tonon asiri, kuma da ƙafar wanda ake tuhuma asirin yake tonuwa.

7. Abin da ya rage ga malamai

Ta fuska guda takarda ta yi wa jiki nisa. Hotunan Landan suna nan a ajiye dubbai a gidan tarihi na Biritaniya, kuma M. Dorothy George ta bi su ɗaya-ɗaya ta bayyana, a cikin littattafai 7 da aka buga tsakanin 1935 da 1954. Saboda haka ana iya sanin irin hular da aka yi wa dariya a 1772. Tashe kuwa da an watse ya tafi. Waɗanda suka rubuta shi sun fi rubuta waƙoƙin, suka bar rawanin da gemun da tumbin, alhali a nan rabin ma'anar take.

Malamin kwalejin horon malamai yana da hanyar gyara wannan ba tare da kashe kuɗi ba. Ɗalibansa suna komawa unguwanni irin su Unguwar Gano da Tarauni, inda birni da ƙauye da baƙi suka cakuɗa, inda kuma yara suke ƙara sababbin shiga a kan tsofaffi. Ya umarce su su rubuta kowane wasa da suka gani, da unguwa da shekara, su siffanta kayan tun daga hula har takalmi, da abin da aka yi su da shi, su kuma lura da wanda ya yi dariya da wanda ya yi shiru. Sa'an nan a cikin aji a yi wa kowane wasa tambayoyin da aka yi wa hotunan Landan a sama: wa ake nufi, wa ya biya, ina bakin dariyar ya dosa, kuma wanda aka yi dominsa yana da damar ramawa? Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi zai iya rarrabe zambon da ke gyara da wanda ke danniya, ko a dandali ya gamu da shi, ko a jarida, ko a fim. Zai kuma iya jure ranar da yara suka fito da shigar malamin makaranta, da alli a hannu da jar biro a aljihu, ko da yake an ce wanzami ba ya son jarfa.